Jabun Agogunan Alfarma a Zangon Kumasi

Jabun agogon alfarma shi ne wanda aka ƙera da siffar agogon wani babban kamfani, aka buga masa suna da tambarin kamfanin, alhali kamfanin bai san da zamansa ba. Sunayen da aka fi ɗauka na Suwizalan ne: Rolex a kan gaba, sai Omega, Patek Philippe, Audemars Piguet, Hublot da Richard Mille. A Kumasi ana samun irin wannan agogo a tiren 'yan koli da akwatunan gilashi na Kejetia da Adum, da hannun masu talla a tashoshin mota, daga nan kuma yake shiga unguwannin Zango irin su Aboabo, Asawase, Sabon Zango, Akwatia Line da Dichemso, wadda ke tsakanin Manhyia da filin jirgin sama. Ranar Idi ko ranar wani babban ɗaurin aure, wanda ya bi wuyan hannun samari da kallo zai ga kambin Rolex fiye da yadda arzikin gari zai iya ɗauka.

Akwai abubuwa biyu da ake yawan haɗa su da jabu alhali dabam suke. Na farko shi ne agogo mai kama, wanda ya ari fasalin wani sanannen agogo amma ya sa sunan kansa a fuska, kamar da yawa daga cikin na Curren, Naviforce da Pagani Design da suka cika kasuwa. Wannan bai yi wa kowa ƙarya ba, domin duk wanda ya iya karatu ya san abin da ke hannunsa. Na biyu shi ne gwanjo na asali, tsohon Seiko ko Citizen ko Rado da ya sha jiki amma daga masana'antar da ke rubuce a kansa ya fito. Abin da ke mayar da agogo jabu shi ne sunan da ba nasa ba.

Fahimtar wannan kasuwa tana buƙatar a san abin da ake saye idan an sayi agogo mai tsada. Hans Wilsdorf, Bajamushe, ya kafa kamfanin da ya zama Rolex a Landan a 1905, ya mayar da shi Janiba bayan Yaƙin Duniya na Farko. A wancan zamani tsadar agogo tana da dalili a fili: agogon da ruwa ba ya shiga kamar Oyster na 1926, ko mai ɗaure kansa da motsin hannu kamar Perpetual na 1931, ya fi na sauran aiki nesa ba kusa ba. Wannan fifiko ya rushe ranar 25 ga Disamba 1969, sa'ad da Seiko na Japan ya fitar da Astron, agogon hannu na farko mai batir da ƙwayar kwatz. Cikin shekaru kaɗan irin wannan inji ya yi araha, har ta kai Casio F-91W na roba, wanda ya fito a 1989, ya fi agogon Suwizalan mai injin wani riƙe lokaci daidai. Masana'antun Suwizalan da yawa sun durƙushe a lokacin. Waɗanda suka tsira sun sauya haja: suka koma sayar da aikin hannu, da tarihi, da ƙarancin kaya, da darajar suna. A 2023 Suwizalan ta fitar da agoguna kusan miliyan 17 kacal, amma kuɗinsu ya kai faran biliyan 26.7. Rolex Submariner na baƙin ƙarfe, wanda ba zinari a jikinsa ko ɗigo, ya haura dala 9,000 a kantin dila, kuma sau da yawa sai an yi jira kafin a samu. Da zarar suna ya zama shi ne mafi tsada a jikin kaya, kuma buga suna a fuskar agogo bai fi aikin minti guda ba, to an buɗe wa masu jabu ƙofa.

Mutanen Zango ba yau suka fara ɗaukar agogo da muhimmanci ba. Fataken goro da suka yi ta zirga-zirga tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja da ƙasar Tonawa da rana da salla suke auna lokaci: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar. Bayan Turawan Ingila sun kame Kumasi a 1896, jirgin ƙasa kuma ya iso daga Sekondi a 1903, sai lokacin agogo ya shigo tare da tasha da bariki da ofis, Zango kuma ya bunƙasa a daidai wannan zamani. Daga baya aikin hajji a jirgin sama ya ba agogo wani matsayi na musamman. Seiko 5, Orient da Rado suna cikin tsarabar da alhazai suka saba dawowa da ita daga Makka da Jidda, ga kuma agogunan Al-Fajr masu nuna lokutan salla. Agogo ya shiga lefe, ya shiga kyautar ɗa ga uba, ya shiga abin da ake rabawa a gado. Saboda haka jabun agogo ya tarar da al'ummar da ta riga ta san cewa abin da ke wuyan hannun mutum yana magana a kansa kafin ya buɗe baki.

Mafi yawan jabun daga Sin yake fitowa, musamman lardin Guangdong. A Guangzhou akwai babbar kasuwar agoguna a kusa da tashar jirgin ƙasa, akwai kuma unguwannin Xiaobei da Sanyuanli inda 'yan kasuwar Afirka ta Yamma suka yi sansani shekara da shekaru. Wani kayan yana bi ta Hong Kong ko Dubai ko Istanbul kafin ya iso. Hanyoyin shigowa Ghana su ne tashar ruwa ta Tema, filin jirgin saman Accra, da iyakar Aflao ga abin da ya biyo ta Lome ko Legas. Agogo kaya ne marar nauyi, ɗaruruwa na shiga jaka guda, kuma wata dabarar da hukumomin kwastan na duniya suka sani ita ce a aiko da gangar jiki dabam, fuska mai tambari dabam, a haɗa su bayan sun tsallake. Binciken da ƙungiyar OECD ta yi tare da ofishin kare haƙƙin mallaka na Tarayyar Turai ya ƙiyasta cinikin jabun kaya tsakanin ƙasashe a 2019 a kan dala biliyan 464, wato kashi 2.5 cikin ɗari na cinikin duniya, kuma agogo na cikin kayan da aka fi kamawa. Daga hannun 'yan sari a Accra da Kumasi kaya ke watsuwa zuwa 'yan koli. A 'yan shekarun nan kuma an samu sabuwar rumfa a Instagram da TikTok da WhatsApp, inda ake ganin hoto, a tura kuɗi ta waya (MoMo), ɗan aike ya kawo a babur. A irin wannan ciniki mai saye bai ɗaga agogon ya ji nauyinsa ba sai bayan kuɗinsa sun tafi.

Jabu hawa-hawa ne. Na ƙasa shi ne na tire: jikinsa gamin ƙarfe ne mai sauƙi da aka yi wa ruwan azurfa ko na zinari, injin batir ne a ciki, ƙananan da'irori uku da ke fuskarsa zane ne kawai, maɓallansu ba sa yin komai. Wannan ba ya yaudarar kowa, mai sayarwa ma ba ya rantsuwa a kansa. Na tsakiya yana da baƙin ƙarfe na gaske da injin da ke ɗaure kansa, ko dai na Sin ko na Miyota ko Seiko da ake sayar wa kowa a sari, yana zuwa da akwati da kati da takardun garanti, dukansu na bogi. Na sama shi ne wanda masu sana'ar suka sayi agogon asali, suka warware shi, suka kwaikwayi kowane sashe har da injin. Kuɗin wannan yakan kai dala ɗaruruwa, kuma ko gogaggen mai gyara sai ya buɗe bayansa ya sa madubin ido kafin ya yanke hukunci.

Alamomin da ake gane jabu da su suna aiki ne a kan hawa biyu na ƙasa. Tsinken daƙiƙa na Rolex mai injin wani yana motsi sau takwas a daƙiƙa guda, don haka ido ke ganin kamar sulalewa yake yi, na batir kuwa tsalle yake yi ɗaya-ɗaya. Ƙullutun gilashin da ke kan kwanan wata a Rolex yana ƙara girman lamba ninki biyu da rabi har ta cika tagar, a jabu kuwa lambar kan fito ƙarama ko a karkace. Galibin agogunan Rolex bayansu a shafe yake, ba gilashi ba zane, saboda haka wanda ake leƙen injinsa ta baya abin tuhuma ne. Ana duba kaifin rubutu, da nauyi, da yadda igiya ke kaɗawa, da yadda makulli ke rufuwa. Masu jabu na sama sun san duk waɗannan alamomi, sun kuma toshe su ɗaya bayan ɗaya. Alamar da ba su iya toshewa ba ita ce farashi da wurin saye. Agogon dala dubu goma ba ya zuwa a kuɗin wayar hannu, ko da an rakiyo shi da labarin wani ɗan'uwa da ya kawo daga Jamus yana neman kuɗi da gaggawa.

Mafi yawan masu saye sun san abin da suke saye. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Saurayin da ke koyon kanikanci a Suame Magazine, ko mai sayar da waya a Adum, idan ya ɗinka shadda ta Salla, ya sayi hula da takalmi, yana son abin da zai cika kwalliyar, kuma tire yana ba shi wannan da kuɗin da bai fi na takalmin ba. Abokansa a majalisar ataya sun san ba na asali ba ne, su ma irinsa ke hannunsu. A nan agogon ado ne kamar zobe, ba wanda aka cuta. Bai kamata a yi wa wannan saurayi kallon raini ba. Ya taso yana ganin 'yan ƙwallo da mawaƙa da 'yan boga da suka dawo hutu daga Hamburg ko Brescia ko Bronx suna walƙiya da agogo, ga darajar sidi, kuɗin Ghana, da ta yi mummunar faɗuwa a 2022 har hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a watan Disamba, ya kuma lura cewa a ofis da banki da gidan surukai ana karɓar mutum gwargwadon shigarsa. Kece raini buƙata ce ta gaske a wurin wanda ba shi da wani abin nunawa.

Akwai kuma wani mai saye da ba a cika lura da shi ba, wato mai hali da kansa. Attajirin da kowa ya san yana da gidaje da motoci idan ya ɗaura jabu ba mai tuhumarsa, talaka kuwa ko ya gaji na asali cewa za a yi na Kejetia ne. Wannan ya nuna cewa hukuncin mutane a kan mai agogon yake sauka, kuma shi ya sa saurayin da ya tara kuɗin wata da watanni ya sayi jabu na sama yakan yi asara biyu: kuɗin sun tafi, darajar da yake nema kuma ba ta zo ba, domin unguwa ta san samunsa.

Ɓarna ta gaske tana faruwa ne a hannu na biyu. Wanda ya saya da sani yakan sayar wa wanda bai sani ba, ko ya ba da shi jingina ya karɓi bashin da ya ninka kuɗinsa, ko ya saka shi a lefe a ƙirga wa dangin amarya shi a matsayin na asali, ko ya biya wani bashi da shi. Akwati da kati na bogi don irin wannan rana aka yi su. Abin ya fi zafi a Zango saboda tarihin cinikin wurin. Fataucin goro da na shanu a kan amana suka ginu: baƙo ya sauka gidan maigida, maigida ya haɗa shi da dillali, a ba da kaya bashi ba takarda, sunan mutum shi ne jarinsa. Har yau yawancin harkar unguwa haka take tafiya, daga adashe har aiken kuɗi. Idan mutum ya gano cewa ɗan unguwarsu da suke sahu ɗaya a masallaci ya sayar masa da jabu da sunan gangariya, abin da ya ɓace ya fi kuɗin agogon, kuma zaman sulhu a gaban liman ko Sarkin Zango yakan dawo da kuɗi ne kawai.

A fuskar addini, sayar da jabu da sunan na asali algus ne, kuma ba saɓani a kan haramcinsa. Hadisin da ake kafa hujja da shi, wanda ke cikin Sahihu Muslim, ya zo ne a kan mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama. A fiƙihun Malikiyya, wanda shi ake karantarwa a makarantun Zango, mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya idan ya gano aibin da aka ɓoye masa. Inda ake muhawara shi ne idan mai sayarwa ya bayyana cewa kwafi ne. Wasu malamai na ganin tun da ba a yaudari mai saye ba ciniki ya inganta. Wasu kuma suna cewa akwai mutum na uku da aka ci haƙƙinsa, wato mai sunan, suna jingina da matsayar Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, wadda a zamanta na Kuwait a Disamba 1988 ta tabbatar da cewa sunan kasuwanci da tambari dukiya ce da shari'a ke karewa. Sai kuma batun niyyar mai ɗaurawa, domin akwai gargaɗi a hadisi ga wanda ke nuna yana da abin da ba a ba shi ba. Wanda ya ɗaura don kyan gani, in an tambaye shi ya faɗi gaskiya, hukuncinsa dabam da na wanda ya ɗaura don ya ci bashi ko ya sami aure. Wata mas'ala da kan ba mutane mamaki ita ce ta zinari. An haramta wa namiji sa zinari, saboda haka Rolex Day-Date na asali, wanda da zinari ko filatinam kaɗai ake yin sa, na zinarin bai halatta ga namiji ba, alhali jabunsa mai launin rawaya da ba zinari a ciki bai shiga wannan hani ba. Wanda aka yi wa ruwan zinari na gaske kuwa malamai sun yi saɓani a kansa.

Dokar Ghana ma ta hana. Dokar Tambarin Kasuwanci ta 2004, wadda aka yi wa gyara a 2014, ta mayar da ƙirƙirar tambarin wani da sayar da kaya masu ɗauke da shi laifi, kuma sashen kwastan na Hukumar Tara Haraji yana da ikon tsare irin wannan kaya a iyaka. A aikace ƙarfin hukuma ya fi karkata ga jabun magani da abinci da wayar lantarki, waɗanda ke kisa, da kuma atamfa, wadda tun 2010 aka kafa wa kwamiti na musamman mai kamawa da ƙonawa. Tiren agogo ba safai ake waiwayarsa ba. Matafiyi ne ya kamata ya yi hattara, domin a wasu ƙasashen Turai mai saye ma ana kama shi. A Italiya, inda 'yan Kumasi suke da yawa, ana iya cin tarar mai sayen jabu daga yuro 100 zuwa 7,000. Faransa na ƙwacewa ta kuma ci tara, Suwizalan kuwa tun 2008 kwastan ɗinta ke da ikon ƙwace jabun agogo ko da guda ɗaya ne na amfanin kai.

Hujjar da aka fi ji a bakin masu kare wannan ciniki ita ce Rolex bai yi asarar komai ba, tun da mai sayen na tire ba zai taɓa sayen na asali ba. Akwai gaskiya a cikin maganar, kuma ba wanda zai zubar da hawaye saboda kamfanin da ake bin layi a ba shi kuɗi. Sai dai masana'antun da ke buga jabun Rolex su ne ke buga jabun Casio da G-Shock da Seiko 5, kuma a nan wanda ake cuta shi ne direba da ɗalibi da ladan da suka biya kuɗin na asali don suna son agogon da zai yi shekaru. Jabun F-91W ya yi yawa har masu saye suka koyi gwaji: a danne maɓallin dama na 'yan daƙiƙoƙi, na asali zai rubuta sunan Casio a fuska. Mutanen Kumasi kuma sun san ɗacin kwaikwayo daga ɗaya ɓangaren. Masaƙan Bonwire suna kallon zanen kente, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a Disamba 2024, ana buga shi a inji a wata nahiya ana dawo da shi Kejetia da araha, kamar yadda kamfanin atamfa na GTP da masaƙar Akosombo suka ga an kwashe zanensu, ma'aikata suka rasa aiki. Da wuya a yi kuka da wannan a kuma ce na agogo ba komai ba ne.

Ko an ajiye doka da addini gefe, jabun agogo ba ya jure rayuwar Zango. Kumasi gari ne mai damina biyu da laima da gumi, kuma musulmi yana wanke hannu har gwiwar hannu sau da yawa a yini, dole ya cire agogo ko ya motsa shi ruwa ya taɓa fata. Rubutun da ke fuskar jabu na cewa yana jure nutso mita 300 ba a gwada shi ba, robar da ke toshe ruwa kuma sau da yawa babu ita ko ba a shafa mata mai ba. Cikin 'yan watanni gilashi ya yi hazo, inji ya yi tsatsa, ruwan zinari ya koɗe a gefen da ke gogar fata, wasu kuma ƙarfen nikel da ke cikin gamin ya fito musu da ƙuraje. Masu gyaran agogo na bakin hanya a Adum da Kejetia za su sauya batir, su rage igiya, ko su cire mataccen inji su dasa na batir mai araha, amma ba su da kayan gyaran injin kwafi na sama, dilan kamfani kuwa ba ya taɓa jabu. Idan aka zo sayarwa da gaskiya, ba shi da kasuwa, alhali tsohon Seiko na alhaji har yanzu yana da mai so.

Da kuɗin jabu na tsakiya ana samun Casio ko Citizen ko Orient na asali da garantinsa, ko agogo mai kama da ke ɗauke da sunan kansa, ko gwanjo mai kyau daga hannun mai gyaran da aka amince da shi. Akwai ma na gida: Anthony Dzamefe, wanda ya fara da tallar agogo da gyaransa, ya kafa Caveman Watches a 2018, ana haɗa agogunan a Ghana da sunan kamfanin a fuska. Wanda kuwa yake da halin na alfarma na gaske, hanyarsa ita ce kantin dilan da kamfani ya amince da shi, irin Polo a Legas ko manyan kantunan Dubai da Jidda, da rasit mai ɗauke da lambar agogon. Idan hannu na biyu ne, sai an buɗe bayansa a gaban mai saye da mai gyaran da mai saye ya kawo da kansa, an gwada lambar jikinsa da ta takarda, kafin kuɗi su sauya hannu.